Cinikin Kifi a Ruwa

A makarantar zaure, ranar da muka iso babin ciniki a Risala, malam ya kawo mana misalin cinikin da shari'a ba ta yarda da shi ba, wato ka sayar wa mutum kifin da ke cikin kogi ko tafki. Dalili kuwa garari. Mai saye bai san abin da ya saya ba, bai san yawansa ba, bai ma san ko zai zo hannunsa ba. Na riƙe wannan darasi shekara da shekaru ban ga inda ya shafe ni ba, sai ranar da na tsaya a wani shago ina nuna wa yaron shagon jajayen kifi biyu a cikin gilashi, autata na riƙe da bakin rigata tana tsalle.

Kada wani ya ce na haramta sana'ar mutane. Kifin yana gabana ina kallonsa, yaro ya sa 'yar koma ya kamo, ya ɗaure mini a leda. Ta fuskar fiƙihu babu abin cewa. Sai dai akwai abin da ke biye da kifin nan wanda ba ya shiga ledar, kuma ba wanda zai faɗa maka shi sai ka kai gida.

Yau shekara uku ke nan. Kwanan baya uwargida ta ce tana buƙatar durowar da ke ƙarƙashin akwatin kifin, sai na zazzage ta a kan tabarma na ƙirga. Kwalaben magani goma sha ɗaya, wasu rabi, wasu ko buɗewa ban yi ba har wa'adinsu ya wuce. Na koma na ƙirga kifin da na saya daga farko zuwa yau, ashirin da uku. Masu rai huɗu. Abin da ya zaunar da ni yin wannan lissafi ke nan. Ba zan sa wa kowane kaya farashi ba, domin kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a 2024, farashin da na rubuta yau kan iya zama tatsuniya kafin ka karanta. Zan ƙirga da jarka, da yunit, da awa, da kwalba, da gawa.

Abin da na fara saya ƙwaryar gilashi ce, irin zagayayyar nan da ake gani a fim, da kifin zinariya biyu, da gwangwanin abinci. Yaron shago ya ce, "Alhaji, wannan ai ba shi da wahala. Ka ba shi abinci, in ruwa ya yi datti ka canza, shi ke nan." Kwana tara suka yi. Na biyun muka wayi gari muka same shi a saman ruwa ciki a sama, auta ta yi kuka har ta ƙi karin kumallo. Na lallashe ta da cewa ai haka kifi yake, ba ya daɗewa. Ashe ƙarya na yi mata ban sani ba. Kifin zinariya, wanda Sinawa suka soma kiwonsa don ado fiye da shekara dubu da ta wuce, yakan yi shekara goma zuwa ashirin in ya sami wuri, kuma yakan kai tsawon tafin hannu ko ya fi. Akwai wani a Ingila da aka sa wa suna Tish, wani yaro ya ci shi kyauta a wurin wasa a 1956, bai mutu ba sai 1999, yana da shekara 43. A 2005 kuwa hukumar birnin Rum ta hana ajiye kifi a irin ƙwaryar da aka sayar mini. Bakinta a tsuke yake, iska ba ta samun shiga ruwan yadda ya kamata, kuma babu inda za a sa matata. Araha ba ta ado.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa shagon na koma, yaro ya ce, "Alhaji, ai ƙwaryar ce matsalar. Akwati za ka saya." Na sayi mai cin lita 100. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga ruwan kaɗai ya kai nauyin buhun siminti biyu, ban da gilashi da tsakuwa. Teburin falo ba zai ɗauka ba, sai da na kira mai walda. Aka haɗo mini matatar ruwa, da famfon iska, da fitila, da ciyawar roba, da wani nutsattsen jirgin ruwa na roba wanda har yau ban ga kifin da ya ɗaga ido ya dube shi ba. A ranar na cika akwati, a ranar kuma na zuba kifi goma.

Cikin mako uku shida suka tafi, alhali ruwa garai-garai kamar ka sha. A nan ne na fara sayen magani, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada, domin babu wanda cuta ta kashe a cikinsu. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa, wato jar tsokar nan da ke ƙarƙashin kunnensa, kuma kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati ba ta da wurin zuwa, ba ta da launi, kuma guba ce mai ƙona mashaƙar kifi. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Kashi ɗaya su mai da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mai da naitirait naitiret, wadda ke da sauƙi, ana rage ta da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi a cikin soson matata suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako huɗu zuwa shida. Ke nan matata sabuwa fil a leda fanko ce, gida ne da ba a tare ba. Abin da ya kamata a ce mini shi ne in tafi da akwati ba kifi, ko da ƙwaya ɗaya ko biyu, in dawo bayan wata guda da rabi. To wane mai shago ne zai ga kuɗi a hannunka ya ce ka je ka dawo? Maimakon haka aka ba ni wata kwalba wai ƙwayoyin ne a ciki, zuba ka huta. Abu mai rai ne fa aka ce, ya yi watanni a jirgin ruwa, ya zo ya zauna a kanta cikin zafin Kano. Na zuba, ban ga bambanci ba.

Da abin ya daidaita da kansa, wata Asabar na dawo daga ɗaurin aure uwargida ta tare ni da fara'a. "Malam, na wanke maka soson nan tas. Ƙazantar da ke ciki ba a magana, sai da na sa sabulu sau biyu." Na dubi soso fari ƙal yana shanye a kan igiya. Wannan baƙar lakar da ta wanke ita ce kaɗai dukiyar da na tara a wata biyu. Ba laifinta ba ne, duk tarbiyyar gidan Bahaushe ta ce abin da ya yi baƙi a wanke shi. Soson kifi kuwa matse shi kawai ake yi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Kifi biyu suka biya kuɗin wannan tsabtar.

Sai bayan nan na sayi kayan gwajin ruwa: 'yan kwalaben ɗigawa, da bututun gilashi, da kati mai launi-launi. Ka ɗebi ruwa, ka ɗiga, ka girgiza, ka kara da kati ka ga amoniya nawa ce, naitirait nawa ce. Ya fi kifi goman nan tsada in an haɗa su, shi ma yana da wa'adi, kuma babu wanda ya ambace shi a jerin kayan da aka ce mini dole ne. Amma a duk abin da na saya shi ne bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ruwa kuwa, ƙa'ida ita ce a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako a zuba sabo. A akwatina jarka guda ke nan mai lita 25, jarka 52 a shekara, ban da ranakun gaggawa. A unguwar da mai garuwa ne famfonta, wannan kuɗi ne. Sannan ga kwalbar kashe kulorin. Wanda ke samun ruwan famfo daga matatar Tamburawa ko Chalawa lallai yana buƙatarta, domin kulorin ɗin da ke tsare mu daga amai da gudawa yana kashe kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin soso. Ni kuwa ruwan burtsatse ake kawo mini, wanda bai taɓa ganin kulorin ba. Shekara guda cur ina ɗiga maganin abin da babu. Tambayar da ta kamata in yi wa mai garuwa ita ce me jarkar nan ta taɓa ɗauka kafin ruwa, mai ko fetur ko sabulu, kuma rijiyar tana nesa da masai ko tana kusa, domin ruwan rijiyar cikin gari kan zo da naitiret ɗinsa tun daga ƙasa.

Cuta ta gaskiya sai da hunturu ta zo. Yawancin ƙananan kifin ado 'yan ƙasashen zafi ne, gupi daga yankin Tirinidad da Benezuwela, wasu daga kogin Amazon, akasari kuma a gonakin kifi na Singafo da maƙwabtanta ake ƙyanƙyashe su. Suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. Daren Disamba a Kano kuwa yakan sauko ƙasa da 15. Na ƙaro sababbin kifi na zuba kai tsaye, sanyi ya buga, bayan kwanaki sai ga jikinsu kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki a tsakuwa. Wannan ita ce cutar farin ɗigo, wadda duk mai akwatin kifi a duniya ya san ta. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi ta ci. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta kulle kanta a cikin kwanso, ta hayayyafa ɗaruruwa, su fashe su bazu neman wani jikin. A cikin fata magani ba ya kai mata, a cikin kwanso ma haka. Sai a ɗan lokacin nan da 'ya'yan ke yawo a ruwa ake iya kashe su. Shi ya sa ɗigon yakan ɓace mutum ya ɗauka an warke, ya daina ba da magani, bayan kwana uku abin ya dawo ninki. Haka na yi. Kuma ban san gawayin da ke cikin matata yana tsotse magani daga ruwa ba, kwana huɗu ina zubawa gawayi na sha. Kifi uku.

Ya kamata mutum ya san abin da ke cikin kwalaben nan. Shuɗin da ake kira metilin bulu asalinsa rini ne, wani Bajamushe mai suna Heinrich Caro ya haɗa shi a 1876, kuma a 1891 Paul Ehrlich ya gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro. Ranar da na fara amfani da shi na je masallaci da yatsu kamar na kwana a marinar Ƙofar Mata, har liman ya tambaye ni ko na canza sana'a. Ya rina ƙaron da aka liƙe gilashin da shi, har yau bai fita ba, kuma yana taɓa ƙwayoyin soso, wato kana maganin wata matsala kana haƙa ramin wata. Koren da ake kira malakait girin shi ma rini ne. Yana aiki a kan farin ɗigo, wannan gaskiya ne, amma Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da shi a kifin da za a ci saboda zargin yana jawo ciwon daji. Sau da yawa ana haɗa shi da fomalin, sinadarin nan da ake adana gawa da shi a mutuware, wanda kuma yake rage iskar da ke cikin ruwa. Duk waɗannan a durowar da ba ta da makulli na ajiye su, a falon da yara ke wasa, a cikin kwalabe masu hoton kifi mai murmushi. Sai gishirin akwatin kifi, a cikin kwali mai kyan gaske. Na juya bayansa na karanta: gishiri ne, irin wanda Allah ya yi. Yana da amfani ƙwarai in an auna, amma abin da na biya kuɗin kwali ne da jirgi.

Sauran kwalaben kuwa irin komai-da-ruwanka ne, kamar na masu tallar magani da lasifika a tasha: yana maganin ruɓewar fiffike, da gajiya, da rashin cin abinci, da ƙara sheƙi. Wasu man ganye ne kawai mai ƙamshi. Abin da ke sa a saye su shi ne kifi ba ya faɗin inda ke masa ciwo, kuma kusan duk matsalolinsa kama ɗaya suke yi a ido: ya matse fiffike, ya ƙi abinci, ya taso sama yana haki. Gubar amoniya haka, ƙarancin iska haka, cutar mashaƙa haka. Mai son sanin gaskiya sai ya kankaro ɗan majinar jikin kifin a duba a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Muna da likitocin shanu da na kaji da na dawaki, masu gonar tarwaɗa ma suna da masanansu, amma wa zai ɗauki kifi mai tsawon ɗan yatsa ya nufi asibitin dabbobi? Sai a koma wurin yaron shago, a kwatanta masa da baki, ya ɗaga kai ya dubi kanta ya zaɓo. Likitanka shi ne mai sayar maka da magani, kuma bai ga majinyacin ba. In ana neman garari, ga shi nan tsirara.

Wani abokina da ke kiwon kaji ya ce in bar wahalar da kaina, in sayi ja-da-yalo a kemis in buɗe in zazzage a ruwa, haka suke yi wa tsaki. Na yi sau ɗaya. Ruwa ya yi kumfa ya koma kalar shayi, kifi bai warke ba, gwaji ya nuna amoniya ta taso domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tambayar wace ƙwaya ce ta kirki. Daga ƙarshe na kwarara ruwan a kwata, ya bi unguwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun gwada kifin ado da ake shigowa da su, suka tarar mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke jikinsu ba sa jin tetirasaikilin, wato ainihin abin da ke cikin ja-da-yalo, saboda an saba zuba musu irinsa tun daga gona da kuma a hanya. A can ma abin har ya juya: mutanen da ba su da halin ganin likita sukan sayi amoksisilin da aka rubuta wa "na kifi" su sha, har a watan Disamban 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika wa kamfanoni tara takardar gargaɗi kan sayar da irin waɗannan magunguna ba da izini ba. Kuma cutar ba ta tsaya a gilashi ba. Akwai wata ƙwaya 'yar'uwar ta tarin fuka da ke zama a ruwan akwati, in mutum yana da yanka a hannu ya tsoma, takan haifar da ƙurjin da ke ɗaukar watanni ana magani. Safar hannu ta roba ta fi rabin durowata amfani.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wani babban kifi da cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe kamar abarba. In kifi ya kai haka galibi ƙodarsa ce ta gaza, kuma da wuya ya tashi. Kwalba uku na saya a kansa cikin mako biyu. A ƙarshe abin da ya yi masa amfani man kanumfari ne, wanda ake ɗiga wa kifi a ɗan kwano ya yi barci ya wuce ba tare da wahala ba.

Yanzu ga wuta. In ka bi lissafin mita abin bai taka kara ya karya ba. Matata mai wat 10 da famfon iska mai wat 5 suna aiki dare da rana, fitila mai wat 10 awa takwas, duka wajen yunit 13 a wata. Ko a farashin rukunin A, wanda hukumar NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya dawo wajen 209, bai kai naira dubu uku ba. Hita mai wat 100 in ta yi awa takwas a rana lokacin hunturu ta ƙara yunit 24. Duk wannan mai sauƙi ne. Tsadar tana ranar da wutar ba ta nan. An ƙera kayan nan ne don ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba, kuma ƙwayoyin soso iska suke shaƙa kamar kifin. In matata ta tsaya awoyi masu yawa sai su fara mutuwa, in wuta ta dawo ta feso ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin akwati.

A watan Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace aka yi kusan kwana goma cikin duhu, na san abin da na ɗauko wa kaina. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin da za a ƙona wa kifi ba ne dare da rana, ga firji an kashe, ga yara na karatu da fitilar waya. Na koma yin abin da famfo ke yi da hannuna: in ɗebi ruwa da kofi, in ɗaga sama, in tsiyayo shi ya yi kumfa, sau talatin ko arba'in, in koma in kwanta, bayan awa biyu in sake tashi. Dare na uku uwargida ta leƙo ta same ni tsugune da tocila a baki, ta ce, "Malam, ko jegon auta ban ga ka yi wannan tashin dare ba." Ban ce komai ba, tocila na baki. Duk da haka uku suka mutu. Famfon iska mai batir, wanda da shi ne zai tsare su, bai kai kuɗin kwalba biyu ba, kuma ba a taɓa nuna mini shi ba sai da na tambaya.

Bazara ita ma da nata. In zafin Afrilu ya haura digiri 40 ruwan akwati yakan ɗumama, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30, a daidai lokacin da jikin kifi ke neman ƙari. Na'urar sanyaya ruwa ta fi ƙarfin mai albashi, sai dai fanka da gorar ƙanƙara. Da damina kuma sauro. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa da fiya-fiya duk guba ne mai tsanani ga kifi, kuma aikin famfon iska shi ne ya zuƙi iskar ɗaki ya tura cikin ruwa. Wani dare aka fesa falo aka rufe ƙofa kamar yadda aka saba. Da safe biyu.

To a haɗa. Biyu a ƙwarya, shida a sabon akwati, biyu a wankin soso, uku a duhu, biyu a maganin sauro: goma sha biyar. Waɗanda cuta ta kashe huɗu ne kacal, kuma uku daga ciki da na ware sababbin kifi a robar wanka na mako biyu zuwa huɗu kafin in haɗa su da na gida, da cutar ba ta shigo ba. A kwalba goma sha ɗaya, biyu sun yi aiki, uku sun yi ɓarna, sauran shida ban ga abin da suka rage ba sai aljihuna. Abubuwan da suka riƙe mini huɗun da suka rage su ne bokiti biyu da ba sa taɓa sabulu, da tiyon zuƙe ruwa, da ma'aunin zafi, da kayan gwaji, da famfo mai batir, da rage hannu wajen ba da abinci. Rabinsu a kasuwar 'yan roba ake samu.

Ban sa lokaci ba. Awa guda duk Asabar, awa 52 a shekara, ya fi makon aiki guda. Ban sa tafiya ba. Da babbar Sallah muka je gida, na bar wa ɗan maƙwabci amana. Yaron kirki ne, tausayi ya sa duk lokacin da kifi suka taso sai ya zuba musu, na dawo na tarar da ruwa kamar kunu. Da ya bar su da yunwa ma ya fi, lafiyayyen babban kifi yana iya mako guda bai ci ba. Akwai kuma abin da ba shi da ma'auni. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Akuya in ta ji yunwa za ta cika gida da kuka, kaza za ta fita kiwo. Kifi yana nan inda ka sa shi, shiru, iskar da zai shaƙa ma sai ka saya masa. Goma sha tara nake bi da istigfari.

Adalci ya sa in buɗe ɗaya shafin. Bayan isha'i, in an kashe fitilar falo aka bar ta akwati, akwai wata natsuwa da ke sauka wadda talabijin ba ta bayarwa. Auta ta koyi auna ruwa da karanta kati tun kafin a koya mata kimiyya a makaranta. Masu sayarwa ma suna son ambaton cewa kallon kifi yana saukar da hawan jini, kuma akwai binciken da jami'o'in Plymouth da Exeter na Ingila suka fitar a 2015 da ya nuna bugun zuciya da hawan jinin masu kallo sun ɗan sauka. Sai dai a wani katafaren gidan kifi na jama'a aka yi gwajin, mai lita dubu ɗaruruwa, inda mai kallo ya zauna na 'yan mintuna ya tashi ya tafi gida. Ba a auna jinin mai ɗaukar bokiti ba.

Abin da ya fi ba ni dariya daga baya na gano shi. Kifin da muke jefawa a tukunya ko mu raina a bakin kogi su ne abin ado a shagunan Turai. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake kamo kifin ado daga kogunansu a kai waje: ƙurungu, da minjirya, da wani mai dogon baki kamar hancin giwa, da wani siriri mai kama da maciji wanda sunansa na kimiyya ma daga Kalaba aka samo shi. Sai gartsa, wadda ke nan a Tafkin Chadi da kogin Kwara. Gartsa tana da huhu, in iska ta ƙare a ruwa sai ta taso ta shaƙa a sama, zafinmu kuma nata ne tun kaka da kakanni. Wato kifin da ya dace da ɗauke wutarmu yana bayan gida, Bature na biyan kuɗin jirgi a kai masa, mu kuma muna biyan kuɗin jirgi a kawo mana wanda ba ya kwana sai da lantarki. Ita ma dai ba waliyya ba ce: takan kai tsawon ƙafa guda, tana haɗiye duk ƙaramin kifin da ya shiga bakinta, kuma in ba murfi sai ka tsince ta a ƙarƙashin kujera.

Durowar dai har yanzu ban ba uwargida ba, domin ban san inda zan kai kwalaben ba. Ba na zuba koren nan a kwata awakin unguwa su sha, ba na jefa shi a bola almajirai su tsinta. Na ƙulle su a leda na mayar. Auta kuwa ta shiga makarantar kwana a bana, da ta zo hutu ta tsaya gaban akwatin kamar minti ɗaya, ta juyo ta ce, "Abba, ƙawata fa zomo take kiwo." A cikin huɗun da suka rage akwai kifin zinariya guda, ya yi ƙiba, ya kusa tafin hannuna. In ya bi sawun Tish, saura masa shekara arba'in. Gobe Asabar, kuma mai garuwa ya ce jarka ta ƙara kuɗi.